Makunni na Uku Daga Dama

Ranar Talata ce da safe, cikin sanyi, ina wanke kofunan shayi. Na kai hannu zan rufe famfon ruwan zafi, sai na ji wani abu ya tsikare ni a yatsu. Ba zafi ba ne. Kamar tururuwa ce ta shiga ƙarƙashin fata, ta hau har wuyan hannu, ta koma. Na janye hannun na tsaya ina kallon famfon, ruwa yana ta zuba kamar kullum. Cikina wata shida a lokacin, na fari kuma, duk abin da na ji a jiki sai in ce shi ne. Na so in ce wannan ma shi ne. Amma da na sake taɓawa da ɗan yatsa ɗaya, tururuwar ta dawo.

Shekarata biyu ke nan a Madina. Ina gama sakandare a Katsina aka ɗaura mana aure da maigidan, wanda dangin mahaifiyata ne na nesa. Kakanninsa aikin hajji ya kawo su suka zauna, shi a nan aka haife shi. Muna zaune a Bani Harisa, mahaifiyarsa Hajiya a ƙasa, mu a sama. Sana'arsa aikin wutar lantarki, gado ne daga mahaifinsa. Yana da ɗan shago wajen Uhudu, bayan rumfunan masu sayar wa maziyarta dabino da carbi, da ma'aikata uku a ƙarƙashinsa.

Mutum ne da ba ya barin aiki sai ya taɓa shi. Ko waye ya yi, kafin a tashi sai ya zaro testa daga aljihun gaba, wato ɗan sukudireban nan mai fitila a ciki, ya bi famfo da ƙarfen taga da jikin injin yana dangwalawa. In fitilar ba ta kama ba, sai ya shafa wurin da bayan hannu, sannan ya ce a tafi. Akwatin wutar gidanmu, wanda a nan ake kira tablon, yana cikin sito bayan buhunan shinkafa. Makon da na tare ya ari jan farcena ya ɗiga wa makunnin tukunyar ruwan zafi alama, ya ce in wani abu ya faru ba ya nan, na uku daga dama, mai ɗigon ja.

A shekarar nan aiki ya fi ƙarfinsa. Ana ta gina masaukan alhazai, gidaje suna ta sa na'urar sanyi, bejar da ke ƙugunsa, 'yar na'urar nan mai ƙara in ana nemansa a tarho, ba ta yin shiru. Yana dawowa gida ya kasa cin abinci don gajiya. Sai hanyoyi biyu suka zo masa kusan lokaci guda.

Ta farko wani kamfani ne daga Jidda. Za su ba shi sunansu da tambarinsu, a fente masa mota da launinsu, ma'aikatansa su sa rigarsu, kira ya riƙa zuwa daga ofishinsu. Shi kuma ya sauke allon mahaifinsa daga saman shago, ya sayi kaya a inda suka ce, ya ba su kasonsu. Ta biyu ƙungiya ce ta masu kwangilar wuta irinsa, suna haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar a zauren wani otal, da wani malami mai koya musu yadda ake tafiyar da sana'a. Su ba ruwansu da allonka. Halinka suke so su canza.

Wata biyu takardun nan suna kan tabarmarmu. Na kamfani masu sheƙi, da hoton wani mutum yana murmushi riƙe da akwatin aiki. Na ƙungiya kuwa kwafi ne, baƙi da fari. Ni nake karanta masa wuraren da aka rubuta da Turanci, don nasa bai kai nawa ba, kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Shi ne karo na farko da karatuna ya yi wa wani amfani a garin nan.

Wata Juma'a yayansa, malamin makaranta ne da ke zaune a Khalidiyya, ya zo cin abincin rana wurin Hajiya. Ina daga ƙofar kicin ina jin su.

Yaya ya ɗaga takardar kamfanin ya ce, "Wannan mai murmushin, ka taɓa ganin mai aikin wuta da farce fari haka?"

Maigidan ya ce, "Ya shekh, ka karanta abin da ke ciki mana. Mota biyu a shekarar farko."

"Na karanta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ran da suka ce ka sa wayar da ba ka yarda da ita ba fa?"

"To shi ya sa nake zuwa wurin waɗancan ma. Ina auna duka biyun."

"Su kuma me suka koya maka zuwa yanzu?"

Maigidan ya ce, "Sun ce in ajiye filaya."

Yaya ya fashe da dariya har yana tari. Hajiya ta ce, "A ajiye ta a ina?"

Ya yi musu bayani. Malamin ƙungiyar ya ce ciwon su duka ɗaya ne: mai shago yana kan tsani, ba mai riƙe shago. Wai muddin kana bin bayan ma'aikaci kana duba aikinsa, ba zai taɓa girma ba, kai ma haka. Don haka kowa ya ɗauki alkawari a gaban 'yan'uwansa, wata guda cur ba zai taɓa kayan aiki ba, ba kuma zai duba aikin kowa ba. Kowace Alhamis a tambaye ka.

Hajiya ta ce, "Ubanka har ya bar duniya da testa a aljihu. Ni na cire ta da za a wanke rigar."

Ya ce, "Zamani ya canza, Ummi."

Ta ce, "Wutar ma ta canza?"

Da muka hau sama ya zaro testarsa ya miƙo mini, yana dariya, ya ce in ɓoye ta inda ba zai gani ba, ko ya roƙe ni kada in ba shi. Na sa ta a ƙasan akwatin gyalena.

Gaskiya ban ga laifin abin ba a lokacin. A makonnin nan ya fara dawowa kafin magariba da riga mai tsabta, yana zama mu yi hira. Har ƙiba ya ɗan yi. Da tsohuwar tukunyarmu ta ruwan zafi ta fara yoyo, sai ya turo babban ma'aikacinsa, dattijo ne mai kirki, ya sa sabuwa wadda ta fi girma. Ni ina wurin Hajiya aka yi aikin. Da maigidan ya dawo na ga ya tsaya a ƙofar banɗaki yana kallonta, hannunsa ya tafi aljihun gaba, ya tarar ba komai. Ya yi murmushi ya juya.

Kwana huɗu bayan nan ne Talatar da na fara da ita. A ranar zai tafi Jidda, kwana uku, kamfanin sun gayyace shi ya ga yadda suke aiki kafin ya yanke shawara. Ya riga ya sauka da jakarsa, yana sallama da Hajiya. Na goge hannu na shiga ɗaki da sauri, na tono testar daga ƙarƙashin gyale. Na sha ganin yadda yake yi. Na ɗora bakinta a kan famfon, na danne ƙarshenta da babban yatsa. Fitilar ta kama, ja, 'yar ƙarama kamar idon ɓera.

Kafin in sauko ya kai ƙofar waje, mai tasi yana jira. Na tsaya a bayan ƙofa na kira shi a hankali.

"Famfon kicin yana ja."

"Ja kamar yaya?"

"Na sa testa. Ta kama."

Na ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye jakar, ƙafarsa ɗaya ta dawo cikin gida. Mai tasi ya danna hon. Ya dubi agogo, ya dubi matakala, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Tukunyar ce. Je ki tablon ki kashe nata, kin san shi, mai ɗigon ja. In kin kashe, khalas, shi ke nan, ba abin da zai same ki. Ku dafa ruwa a gas. Zan ce wa dattijon da ya sa ta ya zo ya duba kafin in dawo."

Na ce, "Ba za ka hau ka gani ba?"

"Motar Jidda ba ta jira. Kuma saura kwana tara, kada ki sa su yi mini dariya ranar Alhamis."

Da wasa ya faɗa, ni ma na yi murmushi. Na sha komawa kan wannan minti ɗin. Matakala goma sha takwas ce tsakaninsa da siton. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don ban so ya tafi yana ganin matarsa matsoraciya ce.

Na hau, na ja buhu, na buɗe tablon, na ƙirga daga dama, na danne mai ɗigon ja ƙasa. Na mayar da testa cikin akwati. Ban sake gwada famfon ba. Ya ce khalas, ni kuma na yarda. Ranar a wurin Hajiya na wuni, a can na yi alwala, a can na ci abinci.

Washegari da hantsi na shiga wanka. Na yi niyyar ɗora ruwa a gas, amma da na kara hannu kusa da jikin tukunyar na ji da ɗumi, sai na ce ai babba ce, ragowar zafin jiya ne ta riƙe, asara ne a bar shi. Na cire silifas saboda santsi. Na fara zuba ruwan sanyi a bokiti, ya fantsama a ƙasa, sannan na kama famfon ruwan zafi da dukan tafin hannuna.

Ban san yadda zan faɗi abin da ya biyo baya ba. Hannuna ya damƙe famfon da kansa, na ce ya saki ya ƙi. Haƙorana suka haɗu. Wani abu yana girgiza ni daga ciki, tun daga kafaɗa har tafin ƙafa, kuma na ji shi sarai yana ratsawa ta tsakiyata, ta inda yaron yake. Na so in yi salati, bakina bai buɗe ba. Santsin da nake gudu shi ya cece ni. Ƙafata ta zame, nauyina ya fizge hannun, na faɗi ta gefen hagu tsakanin bokiti da bango.

Na daɗe a kwance a wurin. Da na iya tashi na rarrafa zuwa ɗaki, na sa kaya, na zauna a bakin gado na ɗora hannu a ciki. Yaron nan yana da lokacinsa. Kowane hantsi, bayan na sha shayi, sai ya yi ta harbi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama har in ce masa ya isa. Na jira. Na danna a hankali. Na kwanta ta wancan gefen na sake jira. Shiru.

A nan na yi wautar da ta fi ta farko. A gidanmu an tashe mu da cewa mace ba ta maganar cikin fari, balle a gaban uwar miji. Duk wata shidan nan na cikin muna tare da Hajiya, tana dafa mini abin da ya kamata, tana hana ni ɗaukar nauyi, amma ko sau ɗaya kalmar ba ta shiga tsakaninmu ba. Na sauka wurinta da niyyar in faɗa. Na tarar tana tsince wake a faranti. Na gaishe ta na zauna, na jawo farantin muna tsincewa tare. Ta yi maganar sanyi. Ta yi maganar wata maƙwabciya da ta dawo daga Makka. Ina amsawa. Sau uku ina buɗe baki. Kowane lokaci sai in ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ina zaune ina lissafin cewa wataƙila yana mutuwa a cikina a daidai wannan lokacin, ni kuma ina ware tsakuwa daga wake.

Har aka kusa kiran azahar. Ta miƙo mini kofin shayi, na karɓa da hagu.

Ta ce, "Yau kuma da hagu ake karɓa a Katsina?"

Ta kamo hannun damana ta buɗe. Akwai farin tabo a tsakiyar tafin, gefensa ya yi ja.

"Mene ne wannan?"

"Famfo ne. Wuta ta ja ni."

"Yaushe?"

"Da hantsi."

Ta dube ni, ta sauke ido zuwa cikina, ta rage murya. "Shi fa?"

Na ce, "Tun lokacin ban ji shi ba." Sai kuka ya zo.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ture farantin, wake ya zube a tabarma, ta ce, "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ɗauko abayarki." Ta ja tarho ta kira Yaya, ta yi masa magana da Larabci da sauri, ban kama komai ba sai asibiti da yanzu-yanzu.

Da ya iso ya ce ba zai bar gidan haka ba, wani zai iya shiga. Ya karɓi testar ya hau da gudu, Hajiya tana ce masa ya bar wuta ya zo ya ɗauki mutane. Bai yi minti uku ba ya sauko. A mota ya gaya mana. Mai ɗigon ja yana kashe, amma famfon yana kama fitila. Sai da ya bi makunnan ɗaya bayan ɗaya, ya kai na can ƙarshe, sabo fil, ba alama a jikinsa, sannan fitilar ta mutu. Sabuwar tukunyar ta fi ƙarfin tsohon makunni, shi ya sa ma'aikacin ya sa mata nata. Abin da ya kamata ya yi ke nan, sai dai bai faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Wata waya kuma ta goge a cikin tukunyar tana taɓa ƙarfe.

Yaya ya ce, "Da ya buɗe akwatin nan sau ɗaya."

Hajiya ta ce, "Tuƙa motarka."

A asibiti aka tsayar da Yaya a waje, ya tafi neman tarho ya buga wa bejar maigidan. Wata nas 'yar Filifin ta tambaye ni abin da ya faru, na haɗa mata da Turanci. Likitar da ta shigo ta ji Hajiya tana addu'a da Hausa, sai ta juyo ta ce, "A'a, mutanenmu ne. Sannu Mama." 'Yar Zariya ce, doguwa, da tabarau. Ta duba hannuna ta ce, "Me mijinki yake yi?"

Na ce, "Aikin wuta."

Ta ɗaga gira. "To, madalla. Kwanta."

Ta shafa mini wani abu mai sanyi, ta ɗora na'urar sauraro. Aka ji shuu kamar iska a rediyo. Ta matsa gefe. Sai ga bugu, a hankali, na ɗago kai. Ta ce, "Wannan naki ne, kwanta." Ta koma ƙasa, ta danna, ta karkata na'urar. Na kalli silin. Hajiya ta riƙe babban yatsan ƙafata, ban san dalili ba, nan ne hannunta ya kai. Sannan wani bugun ya fito, ƙarami, da sauri-sauri.

Likitar ta ce, "Ga shi nan. Amma kada ki yi murna tukuna, ni ma ban yi ba. Wuta ta bi ta jikinki, kuma kin faɗi. Zan duba zuciyarki, zan duba mahaifa, sannan ku kwanta a nan ina kallon ku zuwa yamma. Ina so in ga ya motsa."

Aka ɗaura mini bel biyu a ciki, aka ba ni wani maɓalli, wai in danna duk lokacin da na ji shi. Takarda tana fitowa daga na'ura a hankali. Na riƙe maɓallin nan har tafina ya jiƙe. Aka kira la'asar ban danna ba. Nas ta kawo ruwan lemo mai sanyi ta ce in shanye.

Yaya ya aiko da saƙo cewa maigidan ya kira, ya fita daga taron kamfanin ko jakarsa bai ɗauka ba, yana hanya. Ban ji komai ba da aka gaya mini. A kwancen nan na yi fushi da kamfanin, na yi fushi da malamin da ban taɓa gani ba, na yi fushi da maigidan, sannan na dawo kaina, don ni na ɓoye testar, ni kuma na mayar da ita akwati ban sake gwadawa ba. Yau wata biyu da abin, takardun nan suna saman kabad, bai sa hannu a ko ɗaya ba, bai kuma zubar da su ba. Wani lokaci yana cewa abin da malamin ya faɗa gaskiya ne, shi ne bai san inda zai tsaya ba. Ni dai har yanzu da tsumma nake buɗe famfo, kuma in na ji firji ya tashi sai gabana ya faɗi.

A asibitin dai, ran nan, rana ta yi ƙasa, hasken taga ya koma ruwan goro. Hajiya ta gyangyaɗa a kujera da carbi a hannu. Sai na ji wani abu kamar kifi ya juya. Na ɗauke numfashi, ban danna ba, don ban yarda ba. Ya sake, wannan karon da ƙarfi, har bel ɗin ya motsa. Na danna. Na yi ta dannawa har nas ta leƙo ta ce sau ɗaya ya isa.

Ana kiran magariba likitar ta dawo. Ta ja takardar tana bi da yatsa tun daga farko, ta kai ƙarshe ta yage ta ninke. Ta zauna a bakin gadon, ta cire tabarau.

Ta ce, "Zuciyarki lafiya. Mahaifa ba ta taɓu ba. Shi kuma tun ɗazu yake ta tsalle. Kin tsira, ƙanwata, ku duka biyun. Za ki kwana a nan don hankalina ya kwanta, ba don wani abu ba."

Na ce, "Kin tabbata?"

"Na tabbata. Gobe in kin ji ko da ciwon kai ne, ki faɗa da bakinki. Kin ji ko?"

Na gyaɗa kai. Hajiya ta tashi ta gyara mayafinta, ta tambayi nas inda alƙibla take.